Waiwaye: Majalisar Kaduna ta 1979 da Gwamnan da Ta Hana Kwamishinoni

Zaɓen 1979 ba a rana ɗaya aka yi shi ba. Hukumar FEDECO ta rarraba shi Asabar bayan Asabar: sanatoci ranar 7 ga Yuli, 'yan majalisar wakilai ranar 14, 'yan majalisun jihohi ranar 21, gwamnoni ranar 28, sannan shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. A tsohuwar Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa lardin Zariya da lardin Katsina, kwana bakwai ɗin da ke tsakanin 21 da 28 ga Yuli su suka haifi rigimar da ta cinye kusan rabin wa'adin mulki.

Ranar 21 jam'iyyar NPN ta kwashe kujeru 64 daga cikin 99 na majalisar dokokin jihar. PRP ta sami 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3. Duk wanda ya ga wannan sakamako zai ce Alhaji Lawal Kaita, ɗan takarar gwamna na NPN, sai dai ya ba da ɗinkin rigar rantsuwa. Amma da Asabar ta zagayo, mutanen jihar nan dai da suka cika majalisa da 'yan NPN suka miƙa wa Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, da 'yar rata kaɗan. Ba tsafi a ciki. Ƙananan jam'iyyun sun ga in kowa ya tsaya da ƙafarsa NPN za ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya, sai magoya bayansu suka karkata ga ɗan takarar PRP. A cikin NPN kanta akwai masu ƙorafi kan takarar, ga tsohuwar gasar da ke tsakanin Zariya da Katsina, ga kuma mutanen kudancin jihar da suka daɗe suna kokawa da mulkin masarauta. Balarabe mutumin Kaya ne a ɓangaren Zariya, Lawal Kaita ɗan Katsina.

Adadin 99 ya fito ne daga kundin tsarin mulkin 1979, wanda ya ce majalisar kowace jiha ta zama ninki uku na kujerun jihar a majalisar wakilai ta tarayya. Kaduna na da 33, shi ya ba da 99. Kano na da 46, ta tashi da 138. Amma adadin da ya fi 99 muhimmanci shi ne 66, wato kashi biyu cikin uku. Da ƙuri'a 66 majalisa za ta iya mayar da ƙudiri doka ko gwamna ya ƙi sa hannu. Da 66 kuma za ta iya tsige shi. NPN ta shiga zaure da 64. Kujeru biyu kacal suka rage mata, a majalisar da ke da ƙananan jam'iyyu uku a gefe. Tun ranar rantsuwa, 1 ga Oktoba 1979, kowa a Kaduna ya san wannan lissafi, kuma shi ne a ƙarƙashin duk wata magana da aka yi a zauren.

Sai an tuna daga inda waɗannan mutane suka fito kafin a fahimci taurin kansu. Zauren da suka zauna, Lugard Hall, shi ne inda majalisar Jihar Arewa ta zauna a zamanin Sardauna. A wancan tsari irin na Ingila, firimiya ɗan majalisa ne, ministocinsa 'yan majalisa ne, jam'iyyar da ta fi kujeru ita ke kafa gwamnati, magana ta ƙare. Sojoji suka rufe majalisu a Janairun 1966, aka shekara goma sha uku ba a zauna ba. Da aka dawo, sai aka dawo da tsari irin na Amurka, inda ake zaɓen gwamna daban, 'yan majalisa daban, kowa da nasa iko. An canja takarda, amma kawunan mutane na nan da tsohon tsari. Da yawa daga manyan NPN tsoffin 'yan NPC ne ko waɗanda suka tashi a hannunsu, kuma a wurinsu mai kujeru 64 shi ke da gwamnati. Gwamnan da ya fito daga jam'iyya mai kujeru 16 kuskure ne da ya kamata a gyara. Balarabe kuwa akanta ne da ya shiga NEPU tun yana saurayi, ya ga yadda aka ɗaure 'yan Sawaba a kotunan En'e. A wurinsa jihar baki ɗaya ce mazaɓarsa, talakawa sun zaɓe shi ne don ya rusa tsarin da NPN ta gada, kuma zama da su a teburi ɗaya cin amana ne.

Bai ɓata lokaci ba. A farkon mulkinsa ya soke haraji da jangali, kamar yadda takwaransa na PRP, Gwamna Alhaji Abubakar Rimi, ya yi a Kano, ya kuma kafa hukumar binciken filaye da gonakin da manoma ke kukan an ƙwace musu. Matashin yau zai ɗauka soke haraji sauƙin aljihu ne kawai. A ƙauye ya fi haka. Tara haraji shi ne igiyar da ta ɗaure talaka a hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, har zuwa fada. Wanda ya kasa biya ya san rana da bulala, wasu ma gudun haraji ya raba su da garuruwansu. Da aka tsinke wannan igiya, an taɓa ikon sarakuna a jijiya, su kuwa su ne ginshiƙin NPN a karkara. 'Yan majalisar da suka sami kujerunsu da albarkar hakimai ba za su tafa wa wannan gwamna ba.

NPN ta kama shugabancin majalisa gaba ɗaya. Kakaki shi ne Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, daga ɓangaren Katsina. Shugaban masu rinjaye nasu ne, shugabancin kwamitoci a hannunsu yake. Wannan ba laifi ba ne, haka ake yi a ko'ina: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da ya zama baƙo shi ne jam'iyyar gwamna ce marasa rinjaye, kuma ko an haɗa kujerun PRP da GNPP da NPP da UPN, 35 ne. Ba za su iya zartar da ko ƙudiri ɗaya ba sai da yardar NPN. Abin da kawai za su iya, in sun tsaya tsintsiya maɗaurinki ɗaya, shi ne su hana a kai 66.

Wurin da aka fara gwabzawa shi ne naɗin kwamishinoni. Tsarin mulki ya ba gwamna ikon zaɓen mutanensa, ya ba majalisa ikon amincewa da su ko ƙin amincewa. Balarabe ya aika da sunaye babu ɗan NPN ko ɗaya, majalisa ta yi watsi da su. Ya sake aikawa, ta sake watsi da su. Haka aka yi ta kai-komo. NPN na cewa jam'iyyar da ke da kusan kashi biyu cikin uku na kujeru ba za a kafa majalisar zartarwa ba tare da ita ba. Gwamna na cewa ba zai ɗora a kan ma'aikatu mutanen da suka yi yaƙin zaɓe a kan kishiyar manufofinsa ba. Jiha mai girman Kaduna, daga Daura har Kafanchan, ta yi wata ashirin da 'yan makonni ba ta da kwamishinan ilimi, ba ta da na lafiya, ba ta da na aikin gona. Manyan sakatarori suka riƙe ma'aikatu, gwamna da mataimakinsa suka zama su ne majalisar zartarwa.

Abin dubawa shi ne a Legas, babban birnin tarayya na lokacin, NPN ce ke cikin irin halin da PRP ke ciki a Kaduna. Shugaba Shehu Shagari ba shi da rinjaye: sanatoci 36 cikin 95, 'yan majalisar wakilai 168 cikin 449. Sai ya ƙulla yarjejeniya da NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Joseph Wayas na NPN ya zama shugaban majalisar dattawa, Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama kakakin majalisar wakilai, aka ba NPP kujerun ministoci, ciki har da ta harkokin waje da Farfesa Ishaya Audu ya riƙe. Da haka ministocin Shagari suka tsallake. 'Yan NPN na Kaduna suna da hujjar cewa abin da suke nema shi ne abin da shugabansu ya bayar. Amma akwai bambanci, kuma Balarabe ya gan shi: Shagari ya ɗauko ƙaramar jam'iyya ta cike masa giɓi, shi kuwa ana so ya shigo da babbar jam'iyyar da za ta iya haɗiye gwamnatinsa daga ciki.

Duk da haka, ni a ganina akwai nasa kason a cikin abin da ya faru. Gwamnan da ke da kujeru 16 cikin 99 ba shi da gatan yin mulki kamar mai 60. Aikinsa na farko kowace safiya shi ne ya tabbata mutum 34 na tare da shi, ya kuma nemi wasu daga cikin 64 ɗin nan da za su iya sauraronsa, don ba duka ne 'ya'yan sarauta ba, kuma kowannensu na da ƙauyen da ke son rijiya da makaranta. Wannan aiki ne na lallashi da ziyarar gaisuwa da haƙurin zama da wanda ba ka so, kuma ba halin Balarabe ba ne. Gaskiyarsa da tsantseninsa kan dukiyar jama'a, waɗanda har abokan adawarsa suka shaida lokacin da ya rasu a Nuwamban 2020, ba su zama ƙuri'a a zauren majalisa ba. Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP na ta wa'azin siyasa ba da gaba ba a wancan zamani, amma a Kaduna ba wanda ya saya.

Sannan gidan PRP ya kama da wuta. Gwamnonin jam'iyyar biyu suka shiga taron gwamnoni tara masu adawa da NPN, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. Jagoran jam'iyyar, Malam Aminu Kano, bai yarda da wannan tafiya ba. A 1980 jam'iyyar ta dare biyu: 'yan Taɓo tare da Malam, 'yan Santsi tare da gwamnoni da dattijon 'yan ƙwadago Michael Imoudu. Uwar jam'iyya ta kori Rimi da Balarabe, FEDECO kuma ta ce ɓangaren Malam ta sani. Rimi na da majalisar da ke cike da mutanensa, don haka ya iya jurewa. Balarabe ya wayi gari ga majalisa ta abokan gaba, ga jam'iyyar da ta tsayar da shi ta ce ba nata ba ne. Kujeru biyun nan da suka rage wa NPN ba su ƙara zama katanga ba.

Sashe na 170 na kundin 1979 shi ya shimfiɗa hanyar tsige gwamna, kuma ya kamata a duba shi da kyau, don a nan ikon kakaki yake. Kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi su miƙa wa kakaki. Kashi biyu cikin uku su yarda a yi bincike. Sannan kakaki, shi da kansa, ya zaɓo mutum bakwai da yake ganin masu mutunci ne, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan jam'iyya ba, majalisa ta amince da su, su yi binciken. In suka ce laifi ya tabbata, kashi biyu cikin uku suka karɓi rahoton, gwamna ya sauka nan take. Mene ne babban laifin da ya isa tsigewa? Kundin ya ce karya tsarin mulki, ko kuma duk abin da majalisa ta ga ya kai babban laifi. Ya kuma rufe da cewa babu kotun da za ta saurari ƙara a kan lamarin. Wato masu ƙara su ke zaɓen masu bincike, su ke fassara laifi, su ke yanke hukunci, kuma babu ɗaukaka ƙara.

Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisar ta tsige Balarabe Musa bisa zargin karya tsarin mulki da wuce gona da iri wajen amfani da iko. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya. Ya je kotu, kotu ta ce hannunta a ɗaure yake.

A yau, duk lokacin da aka yi kukan majalisun jihohi sun zama 'yan amshin Shata, sai ka ji wani ya kawo Kaduna ta 1979 a matsayin misalin majalisa mai haƙora, wadda ta tsaya wa gwamna ido cikin ido. Ban yarda ba. Ita ma amshi take yi. Bambancin kawai mai ba da waƙar ba a gidan gwamnati yake zaune ba, a ofishin jam'iyya yake. Majalisar da ke aikinta za ta ɗauki sunayen kwamishinoni ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan ya cancanta, wancan bai cancanta ba, ga dalili. Wadda ta mayar da jerin sunaye dungurungum, sau da sau, ba mutanen take aunawa ba, gwamnan take so ta durƙusar. Ba a gane majalisa mai cin gashin kanta da yawan faɗanta da gwamna. Ana gane ta ne ran da ɗan majalisa ya miƙe ya saɓa wa jam'iyyarsa saboda mazaɓarsa, ya kuma kwana da kujerarsa.

Kada 'yan PRP su ɗauka wannan hukunci a kan NPN kaɗai ya tsaya. Kafin shekarar 1981 ta ƙare, majalisar Kano, wadda PRP ta cika, ta ɗauki wannan sashe na 170 ta tsige mataimakin gwamna, Alhaji Ibrahim Bibi Faruk, wanda ya tsaya a ɓangaren Malam Aminu lokacin da gwamnansa ke jagorantar Santsi. Mutanen da suka kira abin da aka yi a Kaduna zalunci, ba a yi rabin shekara ba suka yi irinsa a gidansu. Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya maye gurbin Bibi Faruk.

A Kaduna, mataimakin gwamna Alhaji Abba Musa Rimi ya hau kujerar. Shi ma ɗan PRP ne, majalisar ita ce dai, kakakin shi ne dai, amma ya zauna da su sama da shekara biyu har wa'adi ya cika a ƙarshen Satumban 1983. Kowa na fassara wannan yadda ya yi masa daɗi. Masu sukar Balarabe na cewa ga shaida, da ma ana iya zama lafiya. Masoyansa na cewa NPN ta riga ta kawar da wanda take tsoro, me ya rage ta yi faɗa a kai? Wasu kuma na lura cewa sabon gwamna da kakaki duk 'yan ɓangaren Katsina ne, abin da bai yi wa mutanen Zariya daɗi ba. A zaɓen 1983 Lawal Kaita ya sami kujerar da ta kuɓuce masa, Ɗanmusa ya tafi majalisar dattawa ya zama mataimakin shugabanta. A ƙarshe gwamna da majalisa sun zama 'yan gida ɗaya. Wata uku suka yi. Ranar 31 ga Disamba sojoji suka dawo. A 1987 aka raba jihar, Katsina ta kama gabanta. Yau Kaduna na da 'yan majalisa 34, Katsina 34, don kundin 1999 ya taƙaita kowace majalisar jiha tsakanin kujeru 24 da 40.

Masu rubuta tsarin mulki sun ɗauki darasi ɗaya. A sashe na 188 na kundin 1999 an karɓe ikon naɗa mutum bakwai ɗin nan daga hannun kakaki an ba babban jojin jiha. Kotuna ma sun sauya. Lokacin da 'yan majalisar Oyo 18 cikin 32 suka tsige Gwamna Rashidi Ladoja a Janairun 2006, bayan sun yi zama a ɗakin otal, Kotun Ƙoli ta ce kariyar da kundin ya ba majalisa ba ta aiki sai an bi matakan da ya shimfiɗa. Ladoja ya koma kujerarsa a Disamban shekarar.

Gwamnoni kuwa wani darasi daban suka ɗauka, kuma shi ne ya fi yi mana illa: kada ka taɓa bari majalisa ta fita daga hannunka, ko ta halin ƙaƙa. Shi ya sa gwamna ke zama ya tsara sunayen 'yan takarar majalisa tun kafin zaɓen fid da gwani, ya kuma zaɓi kakaki kafin a buɗe zaure. In ƙuri'a ta saɓa masa, sai a nemi wata hanya. A Bauchi a Yunin 2019, gwamna na PDP ne, masu rinjaye a majalisa 'yan APC, kusan hoton Kaduna ta 1979. Ba a jira wata ashirin ba. 'Yan tsiraru suka yi sammako suka zaɓi Abubakar Suleiman kakaki, sauran suka iso suka tarar an gama, suka tsaya a waje suka zaɓi Kawuwa Damina, jihar ta kwana da kakaki biyu. A Edo ma a Yunin 2019, da dare aka rantsar da 'yan majalisa tara cikin 24, kuma 14 daga cikin waɗanda aka zaɓa suka ƙare wa'adin ba su zauna a kujerunsu ba. Mazaɓu 14 ba wakili, ba don kotu ta soke zaɓensu ba.

Mu masu zaɓe ma muna da hannu. Yanzu a yawancin jihohi rana ɗaya ake zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha, 'yan siyasa kuma sun koya mana kalmar sak: inda ka dangwala wa gwamna, nan za ka dangwala wa ɗan majalisa. Mutum zai iya ba ka tarihin ɗan takarar gwamna har kakanninsa, amma ka tambaye shi sunan wanda ke wakiltarsa a majalisar jiha ya yi shiru. Alhali wannan da ba a san sunansa ba shi ke amincewa da kasafin kuɗi da bashin da jiha za ta ci, shi ke tantance kwamishinoni, shi ke yin dokar ƙananan hukumomi da ta masarautu, kamar yadda Kano ta gani a 2019 da aka ƙirƙiro sabbin masarautu, ta sake gani a 2024 da wata majalisar ta rushe su.

Zamfara ta nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a jihar saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, PDP ta tsinci kujerar gwamna da kujerun majalisar jiha. A Yunin 2021 Gwamna Bello Matawalle ya sauya sheƙa zuwa APC, kusan duk 'yan majalisar suka bi shi, ba wanda ya koma mazaɓarsa ya nemi izini. Mataimakinsa, Mahdi Aliyu Gusau, ya ce shi yana nan a PDP. An bi matakan sashe na 188, babbar jojin jiha ta naɗa mutum bakwai, suka ba da rahoto. Ranar 23 ga Fabrairu 2022 majalisar ta tsige shi. A wannan ranar gwamna ya aika da sunan Sanata Hassan Nasiha, a ranar majalisar ta tantance shi ta amince, a ranar aka rantsar da shi.